Itacen Tuffa Mai Gida Goma Sha Tara

Ranar da motar kaya ta tsaya ƙofar gidan kwamanda a barikin Catterick, ana irin yayyafin nan namu da mutum ba ya sanin ya jiƙe sai ya shiga ɗaki. Mu matan bariki kowace ta ƙirƙiro abin yi a bakin taga, don sabon Janar ya iso: Manjo Janar Hector Ashcombe, da matarsa Rosalind, da 'yarsu ɗaya tilo, Tamsin.

Kyaftin Gethin Pritchard ne sabon hadimin Janar, wato matashin hafsan da ke riƙe masa takardu da tsara masa lokaci. Ɗaukar kaya ba aikinsa ba ne. Amma ya hangi masu sauke kaya suna kokawa da wata ƙatuwar tukunyar katako mai ɗan guntun itace a ciki, sai ya ruga ya sa hannu. Garin saukewa ta daki ƙasa da ƙarfi.

"A hankali, Kyaftin," in ji wata murya daga bayansa. "Wannan itacen ya girme ka a aikin soja."

Ya waiwayo ya ga budurwa cikin takalmin roba da tsohuwar rigar ruwan babanta, gashi duk ya manne a goshi. Maimakon ya ba da haƙuri kamar mai hankali, sai ɗan gidan makiyayan Wales ya durƙusa ya leƙa gindin tukunyar.

"Saiwa ta cika ta fal, ranki ya daɗe. Ƙasa yake so."

"Duk gidanmu ƙasa muke so," ta ce. "Ajiye shi can gefen rana."

Ta juya ta shige. Shi kuwa ya tsaya da laka a gwiwar kakinsa har Janar ya kira shi sau biyu.

To, bari in ba ku labarin itacen, don in ba ku san shi ba ba ku san gidan ba. Mahaifin Rosalind ne ya ba ta shi ranar aurenta, lokacin Hector yana ƙaramin Laftanar, ya ce ta dasa in sun sami gidan kansu. Sai aka tura su Jamus. Daga nan Belfast, daga nan Aldershot, sai makarantar manyan hafsoshi. Hector ya zama Kanar ya tafi Basra da bataliyarsa, ya dawo da furfura da sunayen yaransa shida da suka mutu a can, waɗanda har yau ba ya faɗinsu sai ya miƙe tsaye. Ya zama Birgediya a wani ofis a Landan, sannan ga shi nan. Shekara talatin da ɗaya, gida goma sha tara, itacen yana biye. Duk bazara ya yi fure, duk bazara furen ya zube.

Kuma kun san yadda ake barin gidan soja. Kafin a karɓi makulli sai jami'i ya zo ya bi saman ƙofa da yatsa, ya buɗe tandar gashin abinci ya leƙa da tocila, ya duba ko an toshe kowane ramin ƙusa, har gidan ya koma kamar ba a taɓa haihuwa ko kuka a cikinsa ba. Rosalind ta yi wannan sau goma sha takwas, galibi ita kaɗai, don maigidan ya riga ya yi gaba. Ba ya tambayar ra'ayinta. Sai dai ya shigo da takarda a buɗe ya ce, "Rosalind, Jamus ce."

Tamsin ta yi makaranta bakwai kafin ta cika shekara goma sha biyu. Tun tana ƙarama ta yi rantsuwa ba za ta auri soja ba, ta kuma yi karatun likitan dabbobi don, in ji ta, tunkiya ba a yi mata canjin wurin aiki.

Sai ga Gethin kullum a gidan. Ya kawo jakar Janar, ya jira Janar, ya tsaya yana yi wa itacen 'yan gyare-gyare da wuƙar aljihu. Da ta gane ya san tumaki fiye da wasu manoman da take zuwa wurinsu, ta fara ɗaukarsa a tsohuwar motarta ranar Asabar, wai ya riƙe mata kan rago. Ta sa masa suna Manomi. Shi yana ce mata Kwamanda.

Wata safiya ta tura masa saƙo: "Manomi, akwai tunkiya mai ciwon kofato a wata gona bayan Reeth. Ƙarfe tara. Kar ka sa takalmin fareti."

Ya amsa: "An karɓi umarni, Kwamanda. Zan zo da wainar da innata ta aiko daga Wales. Ta ce in ba wadda ke sa ni dariya a waya."

Ta rubuto: "Ka faɗa wa innarka ni ba na auren soja."

Ya ce: "Ita waina kawai ta aiko."

Ta daɗe tana kallon wayar tana murmushi, Maminta kuwa tana kallonta ta ƙofar kicin, ba murmushi.

Don akwai wanda Rosalind ta fi so. Manjo Rupert Calloway na hedikwata, mai jan wando da dogon hanci, ba mugu ba ne, sai dai ya san darajar kansa sosai. Baɗi zai ajiye aiki ya koma gidan kakanninsa, gidan dutse da ya shekara ɗari uku a wuri ɗaya. Wata Lahadi suna wanke kwanuka bayan an ci gasasshen rago, Rosalind ta buɗe wa 'yarta ciki. Ta ce Gethin yaron kirki ne, shi ya sa ma take tsoro, don irinsa ne ke yin nisa a aiki, kuma mai nisa a aiki matarsa ke biya.

"Ban haife ki don ki ƙare rayuwarki kanki cikin tandar gwamnati ba," ta ce.

Tamsin ta ce ai ba wanda ya yi maganar aure. Ta goge faranti ɗaya har sau uku.

Nan ne Gethin ya yi kuskurensa, kuskuren da sai soja. Janar ne ke rubuta rahoton shekara a kansa, wanda da shi ake ƙarin girma, kuma a wajen Gethin abin kunya ne mutum ya nemi 'yar wanda ke riƙe da alƙalaminsa. Sai ya bi ƙa'ida daga sama zuwa ƙasa. Ya zauna ya rubuta wa Janar takarda mai sakin layi biyu, kowane da lambarsa. Na ɗaya, yana roƙon a sauke shi daga hadimanci a mayar da shi bataliyarsa. Na biyu, yana neman izini ya nemi auren Tamsin. Ita kuwa ko kalma bai faɗa mata ba, don a tunaninsa bai da ikon buɗe baki sai amsa ta sauko.

Janar ya sa hannu a kan na ɗaya, ya yi gum a kan na biyu. Bataliyar Gethin kuwa za ta tafi Estoniya a watan Afrilu, wata shida.

Takardar canjin ta bi ta teburin Manjo Calloway, kuma bai ɓata lokaci ba. Yana juya cokali a kofin shayi a falon Rosalind ya ce, kamar ba komai, ashe ɗan manomin nan ya gaji da su, shi da kansa ya roƙi a sallame shi.

Da yamma saƙo ya shiga wayar Gethin: "Na ji Estoniya. Daga bakin Rupert. Na sha zama ta ƙarshen jin irin wannan labari tun ina shekara huɗu, ban zaci daga wajenka ba. Allah ya kiyaye hanya, Kyaftin Pritchard."

Ya kira sau biyar. Ba ta ɗauka ba.

Kwana uku gidan kwamanda kamar an yi rasuwa. A na huɗu, wajen karin kumallo, Janar ya ninke jaridarsa, ya ciro takardar daga aljihu ya miƙa wa 'yarsa, yana zaton ya kawo magani. Ta karanta, fuskarta ta yi ja.

"Kai ya tambaya, Dadi? Da lamba ɗaya da lamba biyu? Ni ce lamba biyu?"

Rosalind ta karɓa ta karanta. Ta fara dariya, ta yi ta yi har dariyar ta koma hawaye. Ta ce wa mijinta ai wannan ɗansa ne sak, ba sai an duba jini ba: su gama shirya rayuwar mace tsaf, su sanar da kowa, ita ce ta ƙarshen ji.

Janar ya ajiye kofinsa. Mutumin da ya tsaya gaban mutum dubu bai taɓa in'ina ba, ranar sai da ya gyara murya sau biyu. Sannan ya ciro wata takardar daga ɗaya aljihun ya ajiye gaban matarsa. Ƙarin girma ne, tauraro na uku, Laftanar Janar, shekara uku a Brussels. Abin da ya yi wa aiki tun yana ɗan shekara ashirin. Ta zo kwana tara da suka wuce.

"Ban amsa ba," ya ce. "Tun da na karanta takardar yaron nan nake jin kunya. Rosalind, me kike so?"

"Tambayata kake yi?"

"Na makara da shekara talatin da ɗaya. Amma tambayarki nake yi."

Ta dubi takardar, ta dubi taga, inda tukunyar take jingine da bango.

"Ina so in ci tuffa ɗaya daga itacen babana tun ina da haƙora, Hector."

Ya gyaɗa kai, ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya ƙara shayi ya shanye. Da ya isa ofis ya kira Gethin ya ce masa takardarsa ta ɓata hanya, ba shi ne kwamandan wannan lamari ba, kuma kwamandan tana wata gona ana haihuwar tumaki, in yana da hankali ya tafi yanzu.

Ya same ta a rumfar tumaki, hannunta har gwiwa cikin aiki. Ba ta ɗago ba, ta ce ya riƙe kan tunkiyar. Ya riƙe, da kakinsa da komai. Sai da ɗan tunkiyar ya faɗo ya yi atishawa sannan ya yi magana. Ya ce ya yi wauta. Ya ce in kakin ne matsala, yau zai rubuta ya ajiye, babansa na da gona da ke jiransa.

"Wata takardar kuma?" ta ce. "Manomi, ka saurare ni. Ban ce ka cire kaki ba. Na ga yadda yaranka ke kallonka, in ka bar su saboda ni ba za ka yafe min ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Ba ƙaura na tsana ba. A ce min an riga an gama magana, shi na tsana."

"To ba a gama ba," ya ce. Ya durƙusa nan cikin ciyawa da jini. "Ke nake tambaya, Tamsin. Ke kaɗai, ba lamba. Za ki aure ni?"

Ta goge hanci da kafaɗa. Ta ce da sharaɗi: duk takardar canji da za ta zo, tare za a buɗe, kuma tanda shi zai wanke.

Kafin ya tafi Estoniya, su huɗu suka ɗora tukunyar a mota zuwa wani ƙauye a Shropshire, tsohon gidan mahaifin Rosalind, inda ita da Janar za su zauna. Janar ya haƙa ramin da kansa. Gethin ya yanki reshe ɗaya kamar yatsa, ya ɗaura shi kan wani sabon tushe a ƙaramar tukunya, ya miƙa wa Tamsin. Rosalind ta dubi tukunyar, ta dube shi, ta ce ya riƙa kiranta Mami tunda dai ya ƙi jin magana.

Daga Estoniya saƙo kullum. Wata rana ta tura masa hoto: "Reshenka ya fitar da ganye biyu. Dadi ya ajiye aiki jiya, an busa masa ƙaho, ya yi kuka ya ce iska ce. Ka dawo min lafiya, Manomina."

An ɗaura aure a watan Oktoba a cocin ƙauyen. Abokansa hafsoshi suka jeru a ƙofa suka ɗaga takubba suka haɗa baka, amarya da ango suka bi ta ƙarƙashi. Manjo Calloway ya aiko da cokula na azurfa da kati mai ladabi. Aka yanka kek da takobin Janar. Kusa da kek ɗin kuwa akwai faranti da tuffa huɗu, ƙanana, ɗaya ma tsutsa ta riga kowa. Rosalind ta gatsa, ta yamutsa fuska, ta ce tsami kamar me, ta cinye har ƙwallo.

Ana tsakar hidima Gethin ya ja amaryarsa gindin itacen, ya ciro ambulan ruwan ƙasa daga cikin rigarsa. Takardar canji ce, tun ranar Talata ta zo. Bakinta a manne.

"Kwana huɗu ka riƙe ba ka leƙa ba?"

"Umarni ne, Kwamanda."

Ta kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya. Ban ji sunan garin ba, ina can nesa da farantina. Na dai ga ta yi dariya ta ɗora kai a ƙirjinsa, na kuma ga Janar ya lalubo hannun matarsa ya riƙe.

Allah ya albarkaci gidansu, ko nawa ne za su zama, ya sa duk inda tukunyar nan ta sauka ta sami rana.