Allurar Baban Zimal

"Ammi, me ya sa Abbu yake soka wa kansa allura a cinya?"

'Yata Zimal ce ta jefo tambayar muna karin kumallo, bakinta duk man paratha, gurasarmu da ake soyawa. Surukata ta ɗago kai. Na yi dariyar yaƙe na ce mafarki yarinyar ta yi.

Mijina Shehroz jikan 'yan kokawa ne, a garinmu Gujranwala kuwa wannan suna kaya ne mai nauyi. Bayan haihuwar Zimal ya koma aikin dare a masana'anta. Tumbi ya fito, kasala ta rufe shi, in mun kwanta sai ya juya mini baya. Da ya fara zuwa gidan motsa jiki ƙirjinsa ya buɗe, fara'arsa ta dawo, har sadaka na yi don murna. Haihuwa ta biyu ce kawai ta ƙi zuwa. Surukata ta ɗora laifin a kaina, babu hubbaren waliyyin da ba ta kai ni na ɗaura zaren roƙon haihuwa ba.

A saman soro na same shi yana watsa wa tantabarunsa gero.

"Baban Zimal, allurar mece ce?"

"Ke kuma yaushe kika shiga aikin ɗan sanda?"

"Tun ranar da 'yarka ta fi ni sanin sirrinka."

Geron ya zube daga hannunsa. Ya ce mai horar da su a gidan motsa jiki ne ya dube shi da ido kawai, ya ce sinadarin mazantakarsa ya yi ƙasa, ya ba shi allura.

"Rubab, hasken idona... kunyarki nake ji. Na so in dawo miki yadda kika aure ni."

Ban yi kuka ba, lulluɓina na ɗauko muka tafi asibiti.

Da sakamako ya fito, likita ya ce da tun farko aka zo, da an auna jini an nemo dalili. Sau da yawa rage ƙiba da isasshen barci kan taimaka, in ba su isa ba akwai maganin da ba ya taɓa haihuwa. Amma allurar ta sa jikinsa ya daina yin nasa sinadarin, ƙwayoyin haihuwa sun ƙafe. Suna iya dawowa, suna iya ƙin dawowa.

A hanya ya roƙe ni kada mahaifiyarsa ta ji. Na amsa. Ya daina allurar a ƙarƙashin kulawar likita, jiki ya saki, tsohuwar kasala ta dawo har ta fi da. Ni ke tashinsa mu zaga filin unguwa, ni ke rage man shanun da surukata ke zuba masa, ni kuma ke shan gori.

Ranar da surukata ta kawo mini wani ruwan tofi tana cewa Allah ya haɗa ɗanta da busasshiyar gona, na kai kofin baki. Shehroz ya riƙe hannuna.

"Ammi, ba ita ba ce... ni ne."

Tun daga ranar ba ta ƙara haɗa ido da shi ba. Zimal har yau ita kaɗai ce, tana ajiye rabin alewarta wai na ƙaninta ne.

'Yar'uwa, in kika ga maigida ya sauya, ki kama hannunsa ku je a auna jini tun da wuri. Kada ki bari wanda bai taɓa aunawa ba ya ba shi allura, don abin da za ta ɗauke ba lallai ya dawo ba.