Rufin Ɗakin Baba Mai Takalmi

Da hantsi Sufeto na zaune yana fama da fankar ofis da ta ƙi juyawa, sai ga wani tsoho ya shigo caji ofis, hularsa a hannu.

"Ranka ya daɗe, sata aka yi mini."

"Me aka ɗauka, Baba?"

"Rufin ɗakina."

Kofur ya ƙyalƙyale da dariya. Sufeto ya harare shi, ya jawo wa tsohon kujera. Mai gyaran takalmi ne a bakin kasuwa. Jiya ya fita sana'a da safe, da ya dawo ya buɗe ƙofa, sai ya ga sararin sama a kan gadonsa.

"Tun yaushe kake haya a gidan?"

"Tun gashina na baƙi."

Sufeto ya san dokar haya: ba a ƙara wa tsohon ɗan haya kuɗi, ba a kuma korarsa. Sai dai in ofishin gidaje ya ce ɗaki ba ya zaunuwa. A nan dole mutum ya fita, mai gida ya gyara, ya sa wani a sabon farashi.

Suka nufi gidan. Ɗakin Baba na ƙuryar tsakar gida, katakon rufi tsirara, babu kwano ko ɗaya. Amma an lulluɓe gado da leda, an danne gefenta da duwatsu, an tura rediyo ƙarƙashin tebur.

"Kai ka rufe kayan nan?"

"Haka na tarar."

"Yallaɓai," in ji Kofur, "yau mun ga ɓarawo mai tausayi."

Maƙwabcin Baba tela ne. Yana ganinsu ya ƙara wa keke gudu.

"Ni ban ga komai ba. Ƙarar keke ta toshe mini kunne."

"Da kunne kake gani?" Sufeto ya nuna ƙofar Baba, inda aka yi zane da allin tela. "Wa ya auna wannan?"

Tela ya tsayar da keke. "Inna mai gida ce ta ce in ɗakin ya fita, ni za a fara tambaya. Awo kawai na yi. Na dai ga tsani jiya, na ɗauka gyara ake, ban ɗaga kai ba."

Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, ƙafafunta a kumbure. Sufeto ya leƙa ciki. Robobi ne jere a ƙasa don tarar ruwan sama, bango ya tsage har hannu na shiga.

"Jiya ina asibiti, ɗana," ta ce. "Wai ni ce mai gida! Abin da 'yan haya suke biya ko gyaran tagar nan ba zai yi ba, doka kuma ta ce kada in taɓa."

"Wa ke zaune tare da ke?"

"Autana, kafinta ne. Amma ya tafi aiki wani gari."

Ta faɗa idonta na ƙasa.

A kan katangar da ke jikin ɗakin Baba, Sufeto ya hango wani gwangwanin madara. Ya sauko da shi. Cike yake da ƙusoshin rufi, an cire su ɗaya bayan ɗaya, an miƙe kowace sar, duk kawunansu na kallon sama. Ɓarawon kwano ba ya tsayawa yin wannan, fizga yake ya gudu.

Baba na ganin gwangwanin, sai ya miƙo hannu.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Na aikina ne."

"Ƙusar rufi kake buga wa takalmi, Baba?"

Tsohon ya zauna a dakali. "Ni na koya wa autan Inna. Tun yana rarrafe a gindina yake wuni. Na ce masa ba a jefar da ƙusa, a miƙe ta, kai sama, kada ta soki hannu. Ranka ya daɗe, na janye ƙarar."

"An riga an shigar, Baba. Ba a hannuna take ba."

Suka sami Auta a shagonsa yana goge katako, ba wani gari da ya je. Kwanukan na jingine a bayan shagon, a jere tsaf, ko lanƙwasa babu. Bai gudu ba, ya ajiye kayan aiki.

"Ni ne, Yallaɓai. Inna ba ta sani ba sai da na gama."

"Me ya kai ka?"

"Bangon ɗakinta zai faɗo mata damunar nan. Na yi ta zarya ofishin gidaje, su ce doka doka ce. Wani ma'aikaci ya ce mini in babu rufi babu ɗan haya. Na ce in an gyara, an sami mai biya, zan nema wa Baba wani wuri." Ya dubi Sufeto. "Na rufe masa gadon ai. Ya jiƙe?"

"Bai jiƙe ba."

Kofur ya sa masa ankwa, wannan karon babu dariya.

Sufeto ya sa aka ɗora kwanukan a mota, yana tunanin ko yau za a mayar da su kowa ya huta. Suna isa gidan suka tarar ma'aikacin gidaje ya riga su, ya shafa jan fenti a ƙofar Baba, alamar ɗaki ba ya zaunuwa.

"Ga rufin nan an samu," in ji Sufeto. "Yanzu za a mayar."

"Na riga na rubuta, Yallaɓai. Kwanon ma ai shaidarku ce, sai kotu ta sake shi."

Sufeto ya dubi kwanukan da ke cikin mota. Gaskiya mutumin ya faɗa.

Inna na dafe da bango tana kiran Auta. Baba ya leƙa tagar mota.

"Ɗan nan, ka ci abinci kuwa?"

Auta ya sunkuyar da kai. Motar ta tashi. Ta madubi Sufeto ya ga hadari na haɗuwa, ga Baba tsaye gaban jar ƙofa, rungume da gwangwanin ƙusa.