Layin da Zamani Bai Rufe Ba

Da yamma liƙis Lai'atu ta tsallaka layin dogo, faifan kwamfuta ƙulle a bakin zaninta. Daga shagon Roseline ta ƙwato shi.

Su biyun kowacce na da kwamfuta ɗaya a Kafanchan, yara na biya suna buga gem. Amma na Roseline Hausa yake yi, don mazan coci sun taru sun fassara maganganun cikinsa kyauta. Cikinsu har da Zamani, mijin Lai'atu, ma'aikacin jirgin ƙasa. Kullum ya tashi aiki, a shagon Roseline yake zama har abinci ya huce. Ya mutu bai ƙarasa nasa kashin ba.

"Aikin mijina ne, gadona ne," ta ce wa Roseline. "Ko sisi ba zan ba ki ba."

Sai dai tunda aka ɗora fassarar a kwamfutarta, gem ɗin ya ƙi zama. Da jarumin ya isa wata ƙofar ƙarfe, sai allo ya yi baƙi. Lai'atu ta kira Malam Wilfred, mai koyar da kwamfuta, wanda aka yi fassarar da shi. Ya zauna kan benci kusa da ita. Ya cire rabin layukan fassarar, ya gwada. Ya mayar, ya cire ɗaya rabin. Haka ya yi ta tankaɗe har saura ɗaya.

"Ga ɓarawon, Madam. Layin marigayi ne. Ya fi ƙarfin akwatin da gem ya ba shi, kuma bai rufe shi ba. In goge?"

"Kul! Me ya rubuta?"

"Maganar mai gadin ƙofa ce kawai."

"Maganar mai gadi ce za ta yi tsawo haka? Wa ya rubuta wa? Ita ce ko?"

Karatunta bai wuce sunaye da farashin citta ba. Ta matso, kafaɗarta ta taɓa tasa, tana neman sunan Roseline a allon.

Aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya.

Allon bai mutu ba.

Wani wari ya shigo, warin baƙin mai da gumi, irin na rigar Zamani in ya dawo aiki.

Ƙas. Ƙas. Maɓallan kwamfutar na nutsewa, babu yatsa a kansu. Layin na ƙara tsawo.

"Malam, karanta," ta ce a hankali.

"Madam, mu tafi."

"Karanta, na ce!"

Ya dubi allon. "Ya ce... Lai'atu, wa ke zaune a wurina?"

Bencin ya yi ƙara, ya lotsa a tsakaninsu. Wani sanyi ya raba kafaɗunsu.

Wilfred ya buɗe baki, ba sauti. Wuyan rigarsa ya murɗe, ya ɗaga sama. Ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Yesu!" Ta fizge wayar kwamfutar daga bango. Allon na nan a kunne.

Sai ta kama ƙugu, yadda take yi wa dillalan citta.

"Zamani! Kai ko mai aron muryarka, sake shi! Da kake kwana a shagon wata, na shaƙe wani?"



Wilfred ya faɗo tim. Ta ja shi waje, ba ko takalmi.

Ya yi sati ba ya iya haɗiyar tuwo, kuma bai ƙara bin wannan hanya ba. Lai'atu ta mayar da gem ɗin Turanci, ta ƙona bencin. Faifan kuwa yana ƙasan akwatinta, fasto ya yi ya yi ta ba shi, ta hana.

Ran kasuwa ta tsaya a ƙofar Roseline, ta gyara ɗaurin kallabi.

"An karanta mini layin Zamani kaf," ta ce. "Sunanki ba ya ciki."