Abin da ke Ƙarƙashin Katifar Luseane

Kwana tara ruwa na zuba a tsibirin Vava'u, kwana tara kuma Sulieti ba ta ga 'yarta ta ja numfashi ɗaya cikakke ba. Tana durƙushe a bakin ƙofar ɗakin baya, ta rungume Luseane 'yar shekara shida, ƙirjin yarinyar na fito kamar buta a kan wuta, leɓenta ya yi shuɗi. "Mama... iska... ba ta shiga..." Wayyo Allah! Sulieti ta ɗaga ido sama hawaye na bin kuncinta. "Ya Ubangiji, ni marainiya ce, ita kaɗai ka ba ni. Kada ka karɓe ta!"

"Kin ishe mu da kuka tun da sassafe!" Pisila ce daga baranda, yayar mijinta, gwaggon Luseane. Kun dai san matsayin gwaggo a gidajenmu: in ta ce zauna, ko uban gida ba ya miƙewa. Shi kuwa Maikolo, mijin Sulieti, shekararsa biyu yana tsinkar lemo a Ostareliya, sai muryarsa a waya. Tun tafiyarsa Pisila ta tura su ɗakin baya, inda bishiyar mangwaro ta tare rana, ganye ya taru yana ruɓa a gindin bango, taga kuma an buga mata ƙusa.

Gadon ɗakin nan sai da kujera ake hawansa, don a ƙarƙashin katifarsa Pisila ta jibge dukiyarta: lallausan tabarmin biki da manyan ngatu, zanen ɓawon itacen nan da ake shimfiɗa wa amarya, duk na auren 'yarta Kalolaine. Kowace mace mai hankali a ƙauyen nan tana shanya nata in rana ta fito. Ban da Pisila! Ta san in dangi suka hango, duk mutuwa duk suna za su zo roƙo, a al'adarmu kuma ba a hana ɗan'uwa. Don rowa kawai ta binne su shekara bakwai, ko iska ba su sha ba.

A asibiti ne wata nas mai suna Vika ta lura. "Baiwar Allah, sau uku ke nan. Yarinyar nan tana kwana biyu a nan sai ta warke, tana komawa gida sai ta dawo a sanƙare. Ɗakinku yana warin danshi? Je ki duba ko akwai fumfuna." Sulieti ta koma ta ɗaga gefen katifa, sai da ta ja da baya. Baƙi ƙirin da kore shar, ya yi gashi-gashi, wari ya daki hancinta. Ashe a kan abin da ke kashe 'yarta take kwantar da ita kullum!

Ta je ta durƙusa. "Yaya Pisila, don girman Allah a fitar da kayan nan rana. Sun yi fumfuna, su ne ke toshe wa Luseane ƙirji..."

Tas! Mari ne ya amsa mata. "Wa ya ba ki izinin taɓa min kaya? Matsiyaciya, da ngatu ɗaya tak aka kawo ki gidan nan, shi ne kike baƙin cikin nawa? Uwarmu ce ke fushi a kabari, don ba kya share mata kushewa da zuciya ɗaya. Ke kika jawo wa yarinyar nan ciwo!"

Kafin rana ta faɗi Pisila ta kira Maikolo ta cika masa kunne. Shi ma, kaico, ya yarda. "Ki bi maganar Yaya kawai," ya ce, ya kashe waya. Matan coci suka fara matsawa in Sulieti ta zauna kusa da su. Ta ɗauke 'yarta suka koma rumfar girki, a kan tabarma kusa da buhunan gwaza, cikin kwana huɗu yarinya ta fara dariya. Pisila ta zo ta fizge ta. "Jininmu ba ya kwana da aladu!" Ta mayar da ita kan gadon nan, washegari sai asibiti a sume. Dangi suka zauna suka yanke hukunci: ana gama bikin Kalolaine za a saka Sulieti a jirgin ruwa ta koma tsibirinsu, Luseane kuma ta zauna hannun gwaggonta... a wannan ɗakin. Sulieti ta yi kuka har muryarta ta dushe, don ta san in ta tafi gawa za a kira ta ta gani.

Ranar biki ta zo, rana ta fito tarwai. An gasa aladu, an jera doya da kifi a kan ganyen ayaba, Maikolo ya sauka daga Ostareliya da sabuwar riga. Pisila ta sa mata goma suka ɗauko naɗaɗɗun kaya zuwa fili, tana taku ɗai-ɗai, tana ɗaga hanci. "Yau za ku ga abin da ake kira dukiya! Ku warware!"

Aka ja bakin ngatu na farko... sai ya rabu biyu a hannunsu kamar jiƙaƙƙiyar takarda! Baƙar ƙura ta tashi ta turnuƙe fili. Na biyu haka, tabarmi duk sun manne da juna sun ruɓe. Uwar ango ta toshe hanci. "Wannan ne kayan amarya ko na juji?" Tsofaffi suka kama tari, Pisila da ta fi kowa kusa ta dafe ƙirji tana neman iska, idonta waje.

Nas Vika ta miƙe cikin taro. "Ku janye yara! Kun gani? Minti ɗaya kuka shaƙa kuna neman mutuwa. Luseane shekara biyu tana kwana a kai. Uwarta ta faɗa, aka mare ta!"

Amarya ta fashe da kuka. Maikolo ya dubi yayarsa. "Yaya... a kan wannan kika kwantar min da 'ya? Kika ce uwarmu ce?" Ya zube gaban matarsa a bainar jama'a. "Sulieti, na cuce ki. Ki yafe min."

Sulieti ta juya. Ta shiga rumfar girki ta fito da ngatu ɗin nan ɗaya tak na marigayiya uwarta, wanda take shanyawa duk Asabar. Ta shimfiɗa shi gaban Kalolaine, tas da shi, yana ƙanshin rana. "Share hawayenki, 'yata. Taka ki wuce, ba ki yi min laifi ba." Jama'a, wa ya riƙe hawaye a wurin nan? Ni dai ban iya ba.

A satin Maikolo ya ɗaure hanci da ƙyalle ya kwashe kayan da katifar ya binne a bayan gari. Ya sassare rassan mangwaro, ya kwashe ruɓaɓɓen ganye, ya cire ƙusoshin taga, suka goge bango suka bar rana ta shiga. Pisila kuwa ta tattara ta koma gidan wata ƙawarta da kunya da tarin da har yau bai sake ta ba, kuma babu bikin da ake sake ba ta wurin zama a gaba.

Lahadi ta uku aka tsayar da Luseane cikin mawaƙan coci. Da aka zo dogon baitin ƙarshe, kowa ya sauke numfashi, ita kuwa ta ci gaba da ja, tana ja, tana ja, ita kaɗai, har coci ya juyo yana kallonta. Sulieti ta rufe fuska da hannu biyu tana kuka tana dariya. Da aka tashi yarinyar ta rugo a guje ta faɗa jikinta.

"Mama, kin ji? Iskar ta shiga duka!"