Na Amsa da Hannu Biyu

Ranar Alhamis da la'asar sakaliya Malam Ja'afar ya fito daga Bodinga, katan ɗin alli ɗaure gaban babur, ya nufi makarantarsu ta wajen Kajiji. Babur ɗin aro ne, na Malam Zubairu.

Ja'afar ɗan zangon Kumasi ne, baƙo fil a ƙasar Sakkwato. Hausarsa ma dariya take ba ɗalibai, don mace da namiji duk "ya zo" ne a bakinsa. Zubairu kaɗai ya jawo shi jiki, ya koya masa cin tuwon gero da durƙusa wa manya. Har ɗan'uwa yake ce masa, kaico!

Da zai ba shi makulli sai ya riƙe hannunsa. "In dattijuwa ta tsai da ka bisa hanya, ɗauke ta. In ta tambaye ka ko ka amsa, ce mata ka amsa da hannu biyu. Ladabinmu ke nan."

Ja'afar har da godiya, bawan Allah.

Ya bar kwalta rana na shirin faɗuwa. Warin albasa ya cika gonaki. Can gindin wata tsamiya ya hangi tsohuwa da farin zane, ta ɗaga hannu. Ya tsaya, ya gaishe ta kamar yadda aka koya masa. Ta hau.

Babur ya nutse, sai ka ce buhun gero uku aka aza.

Suka kama hanya. Warin albasa ya ɗauke, warin jiƙaƙƙiyar toka ya maye gurbinsa. Tsuntsaye suka yi tsit. Ba ya jin numfashinta, sai wani sanyi da ke bin ƙeyarsa.

"Ɗana," ta raɗa masa a kunne, "Zubairu ya gaji da ni. Ka amsa?"

Sunan ya ɗan daki zuciyarsa, amma baki ya riga shi.

"Na amsa da hannu biyu, Inna."

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Hannuwa suka zagayo cikinsa, suka sake zagayowa.

Ya dubi madubi. Ba kowa.

Ya dubi ƙasa. Ƙafafunta na jan rairayi, da kofato.

Innalillahi! Ya saki kan babur, suka kife cikin kunyar albasa. Ya miƙe da gudu, Ayatul Kursiyyu na kakkarye masa a baki, ƙaya na yagar ƙafarsa. Bayansa ƙwas, ƙwas, ba gaggawa. Bai tsaya ba sai da ya faɗa cikin sahun masu sallar magariba a bakin gari.

Washegari ya iske Zubairu ƙofar aji yana shan fura, fuska fes, irin ta wanda ya sami barci bayan shekaru.

"Ka sani," in ji Ja'afar.

Zubairu bai ɗago ba. "Ɗan gari ba ya amsa mata, kowa ya san ta. Sai baƙo. Ina da ɗiya ƙanana, Ja'afar."

"Ni kuma ba ni da uwa ko?"

Zubairu ya ci gaba da shan furarsa. Wallahi wannan ya fi kofaton yi masa ciwo. Duk tuwon, duk dariyar, ashe kiwo ake yi.

Bai sake kwana a garin ba. Ya haɗa jakarsa, ya bi motar albasa zuwa Bodinga, ya ce ko aljan ya san iyakar ƙasarsa, shi dai Kumasi ta yi kira. A tasha ya sami bas mai zuwa Sakkwato, saura mutum ɗaya. Ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya.

Kwandasta ya leƙo, ya dubi gefensa, ya ɗaure fuska.

"Haba Malam, wuri guda ya rage. Kai da Inna ku jira ta gaba."