Hoton da Aka Raba da Almakashi

Ana gab da magariba, Mak Rosnah, wato Maman Rosnah, na tsugune a bayan gidanta da ke ɗaya daga tsibiran Cocos tana gyaran kifi, sai iskar teku ta ɗauke cak. Kaji suka yi tsit. Can sai ta ji ƙwal a kan kwanon rufi.

Ta ɗauka kwakwa ce ta faɗo, alhali babu bishiya ko ɗaya kusa da gidan. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro gabanta. Dutsen murjani ne, jiƙe sharkaf, yana ƙarnin teku. Ta leƙa lungu ko 'ya'yan maƙwabta ne, ba ta ga kowa ba, duk tsibirin an tafi masallaci.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Jifa, sai takun sawu a tsakar gida, sai wata murya can ƙasa-ƙasa tana kiran sunaye irin waɗanda ba a raɗa wa mutane. Mijinta, wanda kullum yake cika baki shi ba ya tsoron komai, ya tsiri kwana a masallaci wai don lada. Hankalin Mak Rosnah ya ƙi kwanciya. Ta ɗora tukunya ta manta, ta share ɗaki ta sake sharewa.

Abin ya faro ne bayan sadakar arba'in ta mahaifinta. Tsohon ya yi aiki da sojojin sama lokacin yaƙi, ya kuma bar wani gwangwani cike da hotunan tsibiran Cocos da aka ɗauka daga jirgi. Da aka zo rabon gado, ita da yayanta Dolman, mazaunin Katanning, wani gari can ƙetaren teku, suka raba ƙananan lami lafiya. Babban ne ya jawo rigima, hoton tsibirin Pulu Panjang tun yana dajin kwakwa. Kowa ya ce shi tsoho ya yi wa alkawari. Mak Rosnah, da yake ba a kayar da ita a magana, ta ɗauko almakashi ta raba shi biyu. Dolman ya ɗauki rabinsa, ya rantse shi da tsibirin har abada.

Ran wata Alhamis aka tarar da Rosnah, 'yarta tilo, tsaye a gaban rabin hoton da ke rataye a bango. Ta ƙi ci, ta ƙi zama. Da uwar ta dafa kafaɗarta, yarinyar ta waiwayo ta dube ta da idon da bai san ta ba.

Aka kira Haji Sapri, tsohon limamin da ke yi wa mutane ruƙiyya. Ya zauna a tabarma, ya daɗe yana karatu a kan kofin ruwa, ya yayyafa mata. Rosnah ta yi wani gurnani, murya ta fito daga bakinta, ta namiji, ta tsoho tukuf.

"Wane ne kai?" in ji Haji.

"Maƙwabcinku ne. Na riga kakanninku zama a Pulu Panjang."

"Me ya haɗa ka da yarinya?"

"Sojoji suka sare dajina suka shimfiɗa wa jirage hanya. Na rasa inda zan sa iyalina, sai hoton nan da aka ɗauka kafin sara. Can muka tare. Mahaifin matar nan ya sani, yana yi mana turare, bai taɓa takura mana ba. Wannan matar ta sa ƙarfe ta tsaga mini gida. Ni ina nan, matata da 'ya'yana suna ƙetaren teku. Ta raba ni da nawa, na riƙe nata."

Tsoro ya kama Mak Rosnah, kunya ma ta kama ta.

"Ba ta sani ba," in ji Haji. "Zalunci ne kama wadda ba ta yi maka komai ba. Ka fita, a aiko da rabin ta gidan waya."

"'Ya'yana ba kaya ba ne. Wanda ya tafi da su shi zai dawo da su. Zan bar ta ta ci abinci, amma ba zan fita ba sai na ƙirga su cif."

Washegari Mak Rosnah ta haɗiye girman kanta ta buga wa Dolman waya.

"Yaya, ni ce."

"Au, mai almakashi? Me ya rage ba ki yanka ba?"

"Rosnah ce, Yaya." Kuka ya ƙwace mata.

Ya ce, "Share hawayenki, ƙanwata. Jirgi na gaba, da ni zai zo."

Ya kuwa zo da rabin hotonsa. Da magariba Haji ya jera gutsattsarin biyu a kan farin ƙyalle, ya liƙe su yana karatu. Rosnah ta sunkuya, yatsanta na bin dajin, muryar tana kiran sunayen nan ɗaya bayan ɗaya. Haji, da ya ga haske ya fara dawowa idonta, bai jira ƙarshen ƙirga ba, ya matsa da karatu ya ce, "Alkawari ya cika, fita!" Yarinyar ta yi atishawa ta zube. Iska ta dawo ta kaɗa labule.

Da ta farfaɗo ta ce, "Mama, yunwa nake ji," da muryarta ta kullum. Dolman ya yi hamdala, aka raka Haji bakin ƙofa.

Mak Rosnah na zuba mata shinkafa, sai yarinyar ta jawo hoton, ta ɗora farce a kan wani siririn gibi da ya ƙi haɗuwa a tsakiya.

"Mama," ta ce a hankali, "bai gama ƙirgawa ba. Autan yana nan wurin."

Ludayin ya tsaya a hannun Mak Rosnah. Sai yanzu ta tuna: ranar da za ta sa rabinta a firam ya yi masa faɗi, ta rage bakinsa kaɗan, ta share guntun cikin murhu.

Ta ajiye ludayin, ta toshe wa 'yarta baki da tafin hannu, kada mai muryar nan ya ji.