Wanda Ya Shanye Shekarar Tungar Baure

Ku matso nan, a rage fitilar. Ke Asabe, in kin san za ki tashe mu da ihu anjima, tashi tun yanzu ki tafi wurin Inna. Kin zauna? To, ke kika jawo wa kanki.

A Tungar Baure, can garin kakanninmu na wajen uwa, akwai wani dutse yamma da gari. Duk ranar da aka ga jinjirin watan Cika-ciki, wato sabuwar shekara ta kama, sai wani tsoho mai suna Baba Jatau ya cika ƙwaryarsa da ruwan rijiya ya hau dutsen nan bayan magariba. Ba ya ɗaga kai ya kalli taurari, a'a, cikin ruwan yake kallon su. A nan yake ganin shekara, ko hatsi zai yi tsada, ko damina za ta yi kyau, ko mulki zai sauya hannu. In ya gama sai ya zubar da ruwan a ƙasa, don abin da ke cikin shekarar ya bazu, kowa ya ɗauki ɗan rabonsa, mai daɗi da marar daɗi. Sannan ya kunna wuta a kan dutsen, mutanen gari su san an duba. Da safe ya tsaya a bakin kasuwa ya faɗi abin da ya gani. Gaibu dai na Allah ne, ni ban ce ku yarda ba. Amma mutanen Tungar Baure ko kaza ba sa sayarwa sai sun ji ta bakin Baba Jatau.

To, a shekarar da nake ba ku labari zaɓe na tafe. Akwai wani Alhaji Ɗangaske, dillalin hatsi, yana neman kujerar ciyaman ido rufe. So yake tsohon ya ce taurari sun nuna shi zai ci, ya kuma ce gero zai faɗi warwas, don manoma su yi gaggawar sayar masa ya ɓoye. Baba Jatau ya ce, "Alhaji, ni abin da ruwa ya nuna shi nake faɗa." Alhaji ya koma gida ya aika aka kira masa Nomau.

Nomau fa shi ne shugaban 'yan bangarsa. Ƙato ne, da tabon sara daga kunne har haɓa, ga wani zoben azurfa a babban yatsa. Ba ya tsoron kowa, ba ya jin maganar kowa. Mutum ɗaya ce ke sa ya sauke murya a duniyar nan, ƙanwarsa Hansai mai sayar da kunun zaƙi a ƙofar firamare. Shi ya raine ta bayan iyayensu sun rasu, su biyu ke nan a gidan. In ta ce, "Yaya, ajiye addar nan," wallahi sai ka ga ya ajiye sumui-sumui.

Ranar da aka ga watan, ana idar da sallar magariba Nomau ya tare tsohon a gindin dutse.

"Tsoho, gobe me za ka faɗa a kasuwa?"

"Ɗana, ai ban duba ba tukuna."

Nomau ya ɗaga gora ya sauke masa a ƙwauri. Ƙashin ya ce ƙas! Tsohon ya kife, ruwan ya malale cikin yashi. Nomau ya ƙara masa shuri a baki, jini ya wanke farin gemun. Kai, Nomau bai da imani! Ya sunkuya ya ɗauke ƙwaryar. Dabararsa ita ce ya hau ya kunna wutar da kansa, da safe ya nuna ƙwaryar a kasuwa ya ce Baba ba shi da lafiya, shi ya aiko da saƙo.

Tsohon ya kamo ƙafar wandonsa. Da ƙyar maganar ke fita. "In ka hau, kunna wutarka ka sauko. Kada ka leƙa ƙwaryar. In tsautsayi ya sa ka leƙa, ka zubar. Ko ƙishirwa za ta kashe ka, kada ka kai ta baki."

Nomau ya fizge ƙafarsa ya hau.

Tun a tsakiyar hanya ya lura gyare sun yi shiru. Ba iska. Kukan karnukan gari ma ya ɗauke. Da ya kai sama ya tara kirare, ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya sake, ta mutu. Sai ya ji ƙwaryar da ke hammatarsa ta yi nauyi, wani sanyi na ratsa rigarsa. Ya sauke ta. Cike take da ruwa, har baki.

"Yau ba tsohon ne ya zo ba."

Maganar daga bayan kunnensa ta fito. Ya waiga da adda a hannu, ba kowa. Da ya juyo sai ga mutum zaune a gabansa kan wani falalen dutse, ya lulluɓa da tsohon gwado. Nomau da bai damu da sallama ba, ranar sai da ya yi. Mutumin bai amsa ba. Bakinsa na motsi a gaba, muryar na fitowa daga baya. Nomau ya kai ido ƙasa. Dugadugan mutumin ne ke fuskantar sa, yatsun suna kallon baya.

"Ni nake buɗe wa tsohon ruwa kowace shekara. Tunda kai ka kawo ƙwarya, kai za ka gani. Leƙa."

Nomau bai yi niyya ba. Wuyansa ne kawai ya lanƙwashe kamar an danna shi.

Taurari ne fal cikin ruwan. Ga tauraruwa Zara can gefe, ta dushe. Sai wani jan tauraro ya taso daga gindin ƙwaryar, ya yi ta girma har ruwan ya koma kamar na mahauta. Muryar ta ce, "In jan nan ya hau, ba a noma, ba a ciniki, sai sara." Nomau ya ga gonaki sun ƙone a tsaye. Ya ga mata na tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, rumbunan Alhaji kuwa a kulle. Ya ga kasuwa ta kama da wuta, mutane na gudu riguna na ci a bayansu. Sannan ya ga ranar zaɓe a ƙofar firamare. Yaransa sun shigo da adduna da gorori, ana sara ba a duban fuska. Ga bokitin kunu ya kife. Ga Hansai ta ɗaga hannu tana kiran wani. Adda ta sauka a wuyanta, ɓangaren hagu. Hannun da ke riƙe da addar yana da zoben azurfa a babban yatsa.

Nomau ya kurma ihu ya kai wa mutumin sara da iya ƙarfinsa. Addar ta wuce kamar ya sari hayaƙi. Wani abu ya ɗaga shi sama ya maka da dutse, ya sake ɗagawa ya sake makawa, har haƙoransa na gaba suka zube. Mutumin kuwa ko motsi bai yi ba, ruwan ma ko ɗigo bai zuba ba.

Nomau ya rarrafo yana tofar da jini. "Ba zan je wurin zaɓen ba. Zan bar garin."

"Hannu ba ya wuya. In ba naka ba, na yaronka."

"Zan fasa ƙwaryar!"

"Fasa. Ai duk zubarwa ce. Ruwa ya taɓa ƙasa, kowa ya ɗauki nasa, ita ma ta ɗauki nata."

Sai maganar tsohon ta faɗo wa Nomau. Ya ce, "In aka sha fa?"

A nan ne mutumin ya yi murmushi, bakin ya tafi har kunne. "Sai shekarar gari ta zama ta mutum ɗaya."

Ni dai ban san abin da ya tuna ba a lokacin. Wataƙila ranar da ya goya Hansai zuwa asibiti tana fama da ƙyanda. Ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ya kafa kai. Ruwan na da ɗaci, yana da ƙarnin jini, yana ƙona maƙogwaro, amma bai sauke ba sai da ya lashe gindin. Da ya ɗago ba kowa a kan dutsen, kirarensa kuwa sun kama da wuta da kansu.

Da safe mutane suka taru a bakin kasuwa, ba wanda ya zo ya faɗi komai. Alhaji ya aika neman Nomau, Nomau ya kori ɗan aiken da gora.

Damina ta zo, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gero ya yi kyau irin wanda tsofaffi suka ce rabonsu da gani tun suna yara, hatsin da Alhaji ya ɓoye har ya fara ƙwari. Gari kowa na ƙoshi, Nomau na bushewa. Hansai ta tuƙa tuwo ya cinye malmala bayan malmala, ya tashi yana kukan yunwa. Ƙaton nan ya koma haƙarƙari zalla. Rannan da rana tsaka yana kwance a zaure ya hau birgima yana ihun wuta. Aka yaye rigarsa, bayansa duk ya sale, yana ƙaurin nama. Kasuwa kuwa lafiya lau ake ta ciniki.

Baba Jatau ya zo yana dogara sanda, yana jan ƙafar da aka karya. Ya daɗe yana kallon ƙunar.

"Ka sha ke nan."

"Na sha, Baba. Ka yafe mini ƙafarka."

"Wa ka gani a ciki?"

Nomau ya kalli tsakar gida inda Hansai ke tace gasara. Tsohon ya bi idonsa da kallo, ya share hawaye da bakin riga, ya ce ya yafe.

Ranar zaɓe Hansai ta cika bokitinta ta leƙo ɗakin. "Yaya, yau akwai ciniki. Me zan sayo maka?"

"Ke dai ki dawo. Ja mini ƙofar."

Maƙwabta sun ce tun hantsi suka fara jin ƙara daga ɗakin, tim, tim, kamar ana dukan buhu. Suka ji muryar Nomau shi kaɗai yana salati. Ba wanda ya iya shiga. A firamare kuwa aka yi layi, aka jefa ƙuri'a, ko marin juna ba a yi ba. Yaran Alhaji da ba su ga shugabansu ba suka zauna gindin bishiya suna shan kunu. Alhaji ya sha ƙasa.

Da la'asar Hansai ta dawo tana 'yar waƙarta, ta rago masa kunu a kofi. Ta tura ƙofa, kofin ya faɗi. Jini har bango. Jikin Nomau duk sara ne, kai, kafaɗa, hannuwa, ga shatar gora ko'ina, alhali ko allura babu a ɗakin. Mafi girma yana wuyansa, ɓangaren hagu. Ta zube a kansa tana, "Yaya, wa ya yi maka haka? Yaya!"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Juya in ga wuyanki."

Ba ta gane ba, amma ta juya. Ya ɗaga hannun nan mai zobe ya shafa wurin. Sumul yake, sai zufa.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. Hannun ya faɗi.

Sai bayan an yi sadakar bakwai Baba Jatau ya gaya mata abin da yayanta ya shanye saboda ita. Shi kuma bai sake hawa dutsen ba har ya bar duniya, ƙafar ba ta bar shi ba, ƙwaryar ma tana can inda Nomau ya ajiye ta.

Saboda haka ku ji ni da kyau. In kun je Tungar Baure hutu, kada wanda ya bi hanyar dutsen nan shi kaɗai da magariba, balle a farkon shekara. Masu kiwo sun ce har yanzu akan ga mai gwado zaune da ƙwarya cike a gabansa. Ba ya bin kowa, ba ya tare kowa. Sai dai ka ji murya a bayan kunnenka tana tambaya, a gidanku wa ka fi so.

Asabe, sakar mini hannu haka nan. Ku yi addu'a ku kwanta.